Goron Baba a Hanyar Kaduna

Jiya wani ya fasa goro kusa da ni a tasha, sai na tuna da Baba, tsohon fastonmu na Birnin Gwari.

Na yi furfura ina mai bishara kafin majalisar ikkilisiya ta kira ni Kaduna ganawar naɗin fasto. Ƙa'ida ce in zo da matata da dattijon da zai shaide ni. In ɗaya bai zo ba, sai baɗi. Baba ne dattijon; ba shi da lafiya, amma ya shiga mota tare da mu.

Na bi hanyoyin Chadi da Kamaru, ban taɓa jin shiru irin na dajin nan na hanyar Kaduna ba, inda 'yan bindiga ke tare motoci. Muka wuce wata ƙonanniyar mota, matata ta damƙe hannuna. Baba ya fasa goro, yana miƙa wa fasinjoji yana tambayar sunayensu.

Na raɗa masa, "Baba, yanzu ake gaisuwa?"

Ya ce, "Malam, in aka tare mu, da wane suna zan roƙa musu Allah?"

Mun isa, ya shaide ni a gaban majalisar.

Ubangiji ya hutar da shi inda ba a tare hanya.