Injin Motar Baba Bulus

Kafin in lalace, ni makanike ne a Kafanchan, kuma ba yabon kai ba, hannuna yana da kyau. Wanda ya kai ni koyon aikin shi ne Baba Bulus, abokin marigayi mahaifina, tsohon ma'aikacin reluwe, dattijon ikilisiya a Godogodo. Tun ban iya riƙe sifana ba yake kirana Injiniya.

Da filogi na fara. A kawo mota gyara, in cire sabo in sa tsoho. Ba wanda ya gane. Daga nan batir, daga nan kafireto. Ranar Lahadi kuma ga ni a gaba-gaba cikin 'yan waƙa a coci, har da lumshe ido. Kai, na yi rashin kunya!

Da Baba ya yi ritaya sai ya sayi a-kori-kura sabuwa fil, ƙirar saba'in da biyar. Doya take ɗauka zuwa kasuwa, da marasa lafiya zuwa asibiti. Wata rana ya kawo min ita juyen mai, ya ce zai je taron coci na mako guda.

"Injiniya, ga ƙanwanka nan, ka lura da shi," in ji shi.

Ko kwana biyu bai yi da tafiya ba na sauke injin na sayar wa wani direba. Na samo na ƙirar sittin da takwas wajen wani mutum da ban tambaye shi inda ya samo ba. Injin ya ƙi zama, don mazauninsa ba ɗaya ba ne da na sabuwar ƙira. Na huda, na yi walda, na shafe da fenti.

Da Baba ya tayar da motar sai ya karkata kai yana saurare.

"Motan nan yana tari kaman ni," ya ce, yana dariya. "Tsufa na ne ya kama shi."

Washegari ya aiko min da doya biyar na godiya. Na ci kuwa.

Bayan wata biyu masu duba motoci suka tare shi a hanyar Madakiya. Lambar inji ba ta yi daidai da takarda ba, kuma ashe injin na wata motar sata ne. Matarsa, Mama Saratu, ta zo gareji ko ɗankwali babu.

"Ɗana, sun kama Babanka, wai ɓarawo ne. Sun tambaye shi wa ke taɓa motan, ya ƙi faɗa."

Na je caji ofis na same shi zaune a ƙasa, an cire masa takalmi da hula. Mutumin da ke karanta Littafi a gaban jama'a! Yana ganina ya girgiza min kai, wato in yi shiru. Ashe ya sani. Nan take na nufi teburin sajan. Na faɗa wa sajan komai, har sunan direban da ya sayi injin.

Shekara uku na yi a gidan yari. Duk wata Mama tana zuwa da tuwon acca, ta zage ni tas, sannan ta ce in ci kafin ya huce. A can na yi tuban gaske, ba na lumshe ido ba.

Da aka sake ni na je Godogodo neman gafara. Na tarar da motar a kan duwatsu ƙarƙashin mangwaro, kaji na ƙwai a ciki. Kotu ta mayar masa da injinsa tun tuni, yana nan cikin ɗaki rufe da buhu. Makanikai huɗu sun nemi su ɗora, ya hana.

Na durƙusa ina kuka. Bai bar ni na gama magana ba, ya miƙo min sifana.

"Kai ka cire, kai za ka mayar. Tashi, Injiniya, rana yana yi."

Samari masu koyon gyaran mota, ku ji ni da kyau. Ɗauri bai yi min ciwo kamar ganin tsohon nan ba takalmi yana rufa min asiri ba. In aka ba ku amanar mota, ko filogi ɗaya kada ku taɓa. Mai motar yana iya zama wanda ya fi kowa ƙaunarku.