Dawa Mai Warin Hayaƙi

Matso kusa, jawo kujerar nan, ba na son in ɗaga murya. Abin da zan faɗa maka ko 'ya'yana rabi-rabi nake ba su. Maganar irin dawar surukina ce, wadda ya ajiye don shuka, da yadda ta biyo mu har Kaduna ta shiga tukunyata.

A Zariya aka haife ni, a can aka yi mini aure. Gidan surukaina babban gida ne a bayan ganuwa, mai rumbu biyu da gonaki uku. Ni mai son zaman gida ce, in ba biki ko gaisuwar mutuwa ba, ba ka ganin ƙafata a waje. Karatuna bai wuce allo ba. Amma Allah ya ba ni kunne. Ina daga ɗaki zan gaya maka wace ce ke daka a tsakar gida, kuma me take dakawa.

A gidan nan ban san ana sayen abinci ba. Gishiri da manja da kananzir, su ne na kasuwa. Dawa a rumbu take, kuka a bishiyar bayan gida, daddawa Inna ce ke yi, wato uwar maigidana. Kara kuwa har tuntuɓe muke yi da shi. Rumbu na Baba ne, surukina. Shi kaɗai ke hawa tsani ya shiga, ba mace ba, ba 'ya'yansa ba. Abin da ya miƙo shi ake gani, abin da ya rage a ciki tsakaninsa da Allah.

Maigidana akawu ne. Tun yana ƙarami aka kai shi makarantar kwana, hannunsa bai san fartanya ba. A shekarun da aka canja kuɗi, muna ta rikicewa tsakanin tsohon sule da sabon kwabo, aka mai da shi aiki Kaduna. Na so in zauna wurin Inna ya riƙa zuwa, sai ya zaunar da ni yana lanƙwasa yatsu. Gida na gwamnati ne, ruwa a famfo, lantarki a bango, asibiti ga shi nan kusa. Ya ce in aka duba da kyau, zaman Kaduna ya fi na Zariya sauƙi. Na ce to.

Aka ba mu gida a Unguwar Rimi. Shiru kamar an yi rasuwa, kowa da katangarsa. Satin farko na sayi kuka, ni, kuka a ƙullin takarda. Na sayi itace, na sayi tsintsiya, har karan da zan hura wuta da shi sai da na ba da kuɗi. Da na je Babbar Kasuwa awon dawa, tun kafin in duba mudun, kunnena ya gaya mini ƙarami ne. A Zariya in ana zuba hatsi a mudu yana daɗewa yana shiga, a nan kuwa kafin ka ce me ya cika. Na dawo na ce wa maigidana garin nan zai cinye mu.

Bai cinye mu ba, don mun sami dabara, ko in ce dabara ta same mu. Duk ƙarshen wata maigidana yakan je Zariya gaida su Baba, kuma ba ya dawowa hannu biyu. Bai taɓa roƙo ba, Baba ma bai taɓa tambaya ba. Zai yi sallama ne kawai ya tarar an jingine masa buhu a zaure, Inna ta ɗora kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa a kai. Da haka sai Kaduna ta yi arha. Maigidana ya riƙa gaya wa abokan aikinsa cewa masu kukan tsada ba su iya zama ba ne. Ni ma na ɗauki bakin, har ina koya wa mata tattali.

Maƙwabciyata wata Basakkwata ce, matar ma'aikacin asibiti, mai baki kamar reza, amma ita ce ta fara aiko mini da kwano a unguwar. Ranar da na cika ta da surutun arha, ta dube ni ta ce, "Ke 'yar Zazzau, ai ba Kaduna kike zamne ba, kwana kawai kike yi nan. Cikinki yana can gidan surukai." Na ce mata baƙin ciki take yi don nata surukan sun yi nisa. Muka yi dariya, muka rabu.

Sai aka yi daminar da ruwa ya ɗauke da wuri. Mu a Kaduna a rediyo muka ji, sai kuma a kasuwa, inda kullum ka je farashi ya matsa gaba. Aka ce za a ƙara wa ma'aikata albashi, kafin kuɗin su zo 'yan kasuwa sun riga sun ƙara nasu. Amma buhunmu bai fasa zuwa ba. Sai dai na lura da ƙarar da yake yi in an sauke shi a ƙasa. Da can dim yake yi, har langa ta amsa a kabad. Daga baya ya koma wani laƙwas. Dawar ma ta canja, tsohuwa ce mai ƙura, irin ta ƙasan rumbu.

Da facalata ta haihu, matar wan maigidana, muka je suna Zariya. Da hantsi ina gindin rijiya ina wanke kwanuka, Baba ya kafa tsani ya shiga babban rumbu. Can sai ya yi tari a ciki. Na tsaya da kwano a hannu. Rumbu in yana cike yakan haɗiye murya, ko magana mutum yake yi sai ka kasa kunne. Wannan tarin kuwa sai da ya zagaya ya dawo, kamar a cikin randa. Ya daɗe bai fito ba, ina jin ƙarar ƙwarya tana kartar ƙasa.

A mota na gaya wa maigidana. Ya ce jin nan nawa ya yi yawa, ai akwai rumbu na biyu. Na san na biyun tun kaka ba a zuba masa komai ba, don na ga gizo-gizo ya yi saƙa a murfinsa. Amma na bar shi a kan maganarsa. Ba zan ɓoye maka ba, ni ma ina son buhun nan.

Bazara ta shigo, zafi kamar a gasa mutum, hadari ya fara leƙowa ta gabas yana komawa. Ƙarshen wata maigidana ya je ya dawo ran Alhamis da yamma. Da ya ajiye buhun ban ji dim ba, ban ji laƙwas ba, sai wani ƙaras-ƙaras. Na kwance bakin buhun. Ba tsaba ba ce, zangarniya ce ba a sussuka ba, ɗauri uku, kowane da igiyar rama. Manya-manya, zaɓaɓɓu, sun yi baƙi-baƙi, warin hayaƙi ya cika ɗakin.

Na san su. Ina amarya ni na hau kujera Inna tana miƙo mini irinsu ina ratayewa saman murhu, don hayaƙi ya hana ƙwari ci. Maratayi uku ne a madafinta, kowace gona da nata.

Na ce, "Malam, wannan iri ne."

Ya ce Baba ya ce ragowar bara ce, a kai wa yara.

Na ce, "Iri ne. Shi za a shuka in ruwa ya sauka."

Ya zauna a bakin gado, ya cire hula ya riƙe. Sannan ya ce in muka mayar, mun gaya wa Baba ke nan mun san rumbunsa ba komai, shi kuwa don kada a sani ya bayar. Ga shi albashi bai fito ba, an ce sai wani satin. Ga shi kuma tun tuni ya gayyaci abokan aikinsa huɗu su zo bayan sallar Juma'a su ci tuwon Zariya da yake ba su labari. Bai ce in daka ba, bai ce kada in daka ba. Ya sa hularsa ya fita masallaci.

Da safe na duba kicin. Garin da ya rage ko yarana biyu ba zai isa ba. Da na leƙa wurin Basakkwata da ta ba ni, na sani. Amma bakin da na yi ta yi mata na arha shi ya riƙe mini ƙafa. Na jera ɗauri ukun a tabarma ina kallo. Na ce bari in ɗauki mafi ƙanƙanta, laifin ya yi sauƙi. Na sussuka, na sheƙe, na surfa, na wanke har sau uku. Warin bai fita ba. Baƙi suka ci suna santi, ɗaya har yana cewa tuwon nan da wani ƙamshi na gargajiya. Ni ko loma ɗaya ban iya kaiwa baki ba.

Ran Asabar na ce a kai ni Zariya, ni da ba na son fita. Ni da maigidana muka shiga mota a Kawo da buhun a kan cinyata. Muna wuce Katabu na ga gabas ta yi baƙi ƙirin, iska tana kaɗa ganye ta baya. Ina isa na wuce madafi kai tsaye. Inna ta dubi buhun, ta dube ni, ta turo mini kujera da ƙafa. Na hau na rataya biyu. Maratayi na uku ya tsaya haka nan.

Bayan azahar Baba ya shigo. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ɗaga kai, ina durƙushe ina ganin idonsa yana bin su ɗaya bayan ɗaya. Da ya kai na ukun ya tsaya.

Ya ce, "Kaduna da tsada, ko 'yata?"

Na ce, "Da tsada, Baba."

Ya juya ya fita. Kafin la'asar ruwa ya sauka.

Inna ce ta gaya mini daga baya. Ƙaramin ɗaurin nan na gonar tudu ne, wata dawa mai saurin nuna da Baba ya gada wurin mahaifinsa, don tudu ba ya riƙe ruwa. Ba wanda ke da irinta a kusa. Da albashi ya fito maigidana ya sayi dawa mafi kyau a Babbar Kasuwa ya kai aka shuka a madadinta. Ta fito, ta yi tsawo, kore shar, kowa na yabawa. Ruwa ya ɗauke tana shirin fitar da kai. Kara kawai aka yanka.

Daga wannan shekara ba a sake noma tudun ba. Wan maigidana ya baro gida ya zo Kaduna neman aikin gadi, ya sauka a wurinmu. Buhu kuwa bai ƙara zuwa ba, sai muka san ainihin kuɗin garin. Maigidana bai sake kwatanta shi da Zariya a gabana ba.

Har yau in tuwo ya ɗan kama hayaƙi, ture shi nake yi. To, ka ji duka. Da kai ne a gaban tabarmar nan ran Juma'a da safe, baƙi na tafe, ɗauri uku a gabanka, wanne za ka ɗauka?