Rijiyar Sadaka a Kwarin Baure

Asabar: Magariya zuwa Dungas

Ana sallame sallar asuba na rataya jaka, na ɗauki bido, wato jarka, mai lita ashirin cike da ruwan fanfo, na fita. Ƙarfe shida saura kwata ke nan. Hadiza, uwargidana, ta rako ni har zaure tana cewa ita dai ba ta taɓa ganin mai kai ruwa kwari da damina ba. Ranar ba ni da bakin wasa, na yi mata sallama na wuce.

Abin da ya tashe ni kiran ƙanwata Rabi ne. Ranar Alhamis da la'asar ta kira ni a salula daga ƙauyenmu, Kwarin Baure, can bayan Guci. Ta ce ƙafafun Inna sun kumbura har takalmi ba ya shiga, kuma majo, malamin asibiti mai zagaya ƙauyuka, ya duba ta, ya ce lalle ta bar ruwan da take sha. Na ce wane ruwa? Ta ce, "Yaya, ka dai zo ka ga rijiyarka."

Rijiyar nan ni na gina ta shekara shida da suka wuce, ta siminti, a ƙofar gidanmu, sadaka ga mahaifinmu Malam Idi bayan rasuwarsa. Ni malamin lakwal ne, wato makarantar boko, irin waɗanda ake kira Mushe, ba mai hali ba, kuma ban taɓa yin wani abu da nake alfahari da shi kamarta ba.

A tasha na samu a-kori-kura mai zuwa Dungas, na biya dala ɗari huɗu ni da bidona. Ba mu tashi ba sai bakwai da minti ashirin, bayan an ɗora buhunan taki da awaki biyu. A shingen fita gari jandarma ya dubi takardunmu, ya ƙwanƙwasa bidon ya ce, "Mushe, esansi ne?" Na ce ba fetur ba ne, ruwa ne. Ya yi dariya ya ce in wuce.

Tafiyar ba ta kai kilomita hamsin ba, amma ta ci mana awa uku da rabi. An yi kwana huɗu ana ruwa. Duk inda ƙasa ta ɗan sunkuya tabki ya kwanta, wani ja kamar an jiƙa bulo, wani kore da gansakuka, wani baƙi wuluk da kashin shanu. A wani wuri na ga mata na wanki a gefe guda, jaki na fitsari a ɗaya gefen, wata kuma ta tace ruwan da bakin zanenta tana cika tulu. Direbanmu, wani siriri mai yawan surutu, ya nuna su da leɓe ya ce, "Ka gani ko, Mushe? Ruwa har wuya, na sha babu." Sau biyu muka sauka muka tura mota, laka har ƙwauri.

Asabar da yamma: Dungas zuwa Guci

Mun shiga Dungas sha ɗaya saura minti goma. Na ci ɗanwake a bakin tasha, na yi azahar, na nemi ɗan kabu-kabu mai babur. Biyu suka ƙi, suka ce hanyar Guci ta zama gulbi. Na uku ya yarda, ya ɗaure bidon a baya da roba, muka tashi ƙarfe biyu daidai.

Wannan hanya na san ta tun ina yaro, amma ranar sai na ga kamar baƙuwa. Kwaruruwan da muka sani da rake da rogo da albasa sun zama tafkuna. Dabinai na tsaye cikin ruwa har ƙugu, kawunansu sun bushe. Inda ruwan ya ja baya kuwa, ƙasa ta yi fari fat kamar an watsa gari. Na sa aka tsaya, na dangwala na lasa. Kanwa ce da gishiri. Mai babur ya ce, "Ba ruwan sama ba ne kaɗai, Mushe. Daga ƙasa yake tasowa, ya taho da abin da ke ƙasa. Garinmu masai uku suka rufta bana, duk sun haɗe da rijiyoyi."

Mun isa Guci biyar da rabi, jikina duk ya mutu. Na sauka gidan wani abokin aikina, aka kawo tuwon hatsi da miyar kuka, na ci kaɗan don kada a ce na raina.

Lahadi: Guci zuwa Kwarin Baure

Babur ba ya shiga ƙauyenmu a wannan lokaci, sai amalanke. Ƙarfe bakwai wanda Rabi ta turo ya iso. Baba Gambo ne, tsohon maginin rijiyoyin yankinmu, abokin mahaifina.

Ga abin da ke tsakanina da shi. Lokacin da zan gina rijiyar shi na fara kira. Yadda suke aikinsu, sukan tona kamu biyu ko uku, su ɗebi ƙasar su sa a harshe. Ya tona a ƙofar gidanmu, ya ɗanɗana, ya tofar, ya ce, "Nan kanwa ke kwance a ƙasa. Yau za ta yi daɗi, gobe ba za ta yi ba. Mu hau tudu." Na ce tudu ya yi wa Inna nisa. Gaskiya ne, amma ba ita ce gaskiyar duka ba. So nake duk mai wucewa kasuwar Guci ya gan ta ya tambayi wa ya gina. Na ce a raina me harshen tsoho ya sani da siminti bai sani ba, na ɗauko magina daga birni.

Awa biyu muka yi bisa amalanken, shanu na ratsa ruwa har ciki, bai ambaci maganar ba ko da wasa. Ya tambayi iyali, ya tambayi 'yan lakwal. Da na kasa daurewa na ce, "Baba, me ya sami rijiyar?" Ya kaɗa wa sa tsumagiya ya ce, "Ɗana, ruwa ba ya tsami banza. Ka bari idonka ya gane maka."

Tara da kwata muka sauka. Rabi ta yi mini lale, ta kawo ruwa a ƙwarya kamar kullum. Na sha, garau, mai sanyi. Na ce, "To ai lafiyarsa lau!"

Ta sunkuyar da kai. "Na tudu ne, Yaya, na tsohuwar rijiya. Shekara biyu ke nan can gari duka ke ɗiba. In za ka zo mukan cika randa tun da safe."

"Shekara biyu? Ba wanda ya gaya mini?"

"Wa zai dubi idonka ya ce sadakar ubanka ta lalace?"

Ban zauna ba, na fita ƙofar gida. Filin da mata ke cika da hayaniya ciyawa ta rufe shi. Saura 'yar siririyar hanya guda, sawun mutum ɗaya, daga zaurenmu zuwa bakin rijiyar. Ruwan ya taso har kana iya taɓa shi da sanda, siminti ya yi farin zobe yana marmashewa. Na zura guga na kurɓa. Ɗaci da gishiri, ga santsi a harshe kamar ruwan sabulu. Na tofar, na sake tofarwa, ɗanɗanon bai bar bakina ba.

Inna na zaune a tabarma cikin rumfa, ta miƙe ƙafafu, sun yi suntum suna ƙyalli. Ni ne ɗanta na fari, don haka ba ta kiran sunana, ba ta kuma duban fuskata in tana magana. Na durƙusa na gaishe ta. Ta ce wa bango, "An zo lafiya?"

Na ce, "Inna, don me kike shan ruwan nan?"

Ta gyara mayafinta. Can ta ce, "Malamai sun ce ladan rijiya ba ya yankewa muddin ana sha. Mutane sun bari, ban ga laifinsu ba. Awaki ma sun bari. In ni ma na bari, me zai riƙa isa wurin Malam?"

"Inna, cutar da ke yake yi."

"Moɗa uku ce a wuni. Shi ya ci da ni shekara arba'in."

Na yi kuka a gabanta, abin da ban yi ba ko ranar jana'izar Baba, mahaifina. Kunya ta kama ni, da haushin kaina, da haushin mutanen garinmu masu kirki, waɗanda karar da suka yi mini ta kusa kashe mini uwa.

Bayan azahar na je wurin liman, ya zo da kansa ya zauna bakin rumfa. Ya ce mata Allah ba ya karɓar sadaka da cutar da rai, kuma niyyar da aka yi an rubuta ta. Ta ce, "To, Malam." Amma na san wannan "to" ɗin, ta ladabi ce. Ni da Baba Gambo muka ɗora kwanon rufi a bakin rijiyar, muka danne da kututturen dabino biyu. Da muka gama na ce, "Baba, ka yafe mini. In an cire amfanin gona, ka hau tudu ka ɗanɗana mana ƙasa." Ya ce, "In Allah ya kai mu."

Litinin: komawa

Ƙarfe shida muka ɗora Inna a amalanke bisa katifa, da ƙunshin kayanta da ta ƙi bari kowa ya riƙe mata. Da muka zo wucewa ta gaban rijiyar ta ja mayafi ta rufe fuska. A Guci Allah ya taimake mu da motar 'yan kasuwa mai zuwa Magariya kai tsaye, direban ya ba ta gidan gaba. Duk tsawon hanya ruwan bidona nake ba ta, tana kurɓa kaɗan tana miƙo mini. Mun wuce Dungas sha biyu da rabi, muka shiga Magariya huɗu da minti goma, ban kai ta gida ba sai da muka biya asibiti.

Likita ya duba ta, ya kira ni gefe. Ya ce ƙodarta ta gaji, za a ba ta magani a kuma kiyaye mata gishiri da kanwa, amma kada in sa rai abin da ya ɓaci zai dawo duka. Na ce na ji.

Mun iso gida dab da magariba. Hadiza ta shimfiɗa mata a ɗaki, ta kwance ƙunshin don ta jera mata kaya, sai na ji ta kira ni. A tsakiyar zannuwa ga gora 'yar lita guda, an toshe bakinta da tsumma. Ban buƙaci tambaya ba. Tun kafin mu ɗora kwanon ta ɗiba.

Inna na kallon bango. Na san in na zubar, zuciyarta na zubar. In na bari kuma, sha za ta yi. Na zauna a gabanta, na cire tsumman, na yi bisimilla, na kafa kai. Sai da na tsaya sau uku saboda ɗaci, amma ban bar ko ɗigo ba. Na kife gorar na ce, "Inna, na yau ya isa wurin Baba."

A karo na farko tun da na yi wayo, ta juyo ta dube ni ido cikin ido. Ta ce, "Gobe fa?"

Har yanzu da nake rubutun nan, tambayar nan nake juyawa a raina. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa Rabi da ta karya karar da kowa ya kasa karyawa, da abokina na Guci, da Baba Gambo da bai ce mini ai na gaya maka ba. Saura wata biyu a cire amfanin gona ya hau tudu. Ina roƙon duk wanda ya karanta ya sa Inna a addu'a, Allah ya ba ta kwanan da za ta sha ruwan sabuwar rijiya.