Yadda Kawu Ila Ya Kai wa Sarkin Girkawa Labarin Rasuwa

Laraba: Montreuil zuwa Lyon

Na fito daga ɗakina a Montreuil, a gefen Paris, ƙarfe biyar da rabi na asuba, da jaka a baya da fuskar kwali a cikin leda. Fuskar ta sarkin Girkawa ce. Kwana huɗu na yi ina haɗa ta da tsofaffin jaridu da ƙullun fulawa, ta fito da hanci kamar na mai mura.

Ga waɗanda ke gida Maradi suna zaton likita nake karanta, to su sani tarihin wasan kwaikwayo nake yi a Paris. Malamarmu, wadda muke kira Madam kawai, ta ce jarabawar bana a tsohon dandalin Romawa na Lyon za a yi ta. Kowane ɗalibai biyu su ɗauki zamani guda, tun daga Girkawa har zuwa farfaɗowar ilimi a Turai, su yi wasan minti biyar. Ni na faɗi wannan darasin bara. In na sake faɗuwa an yanke mini bursi, wato tallafin karatu, sai gida.

Na shiga metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, layi na tara, na sauya a Nation, na isa tashar jirgi shida da kwata. Jirgin ya tashi bakwai saura, tafiyar awa biyu ce, kilomita ɗari huɗu da wani abu. Mai duba tikiti ya leƙa ledata ya ga hancin sarki, ya dube ni, ya wuce.

Wasan namu ni na tsara shi a kan al'adar Girkawa. Su ba sa kashe mutum a gaban 'yan kallo. A ɓoye ake mutuwa, sai ɗan aike ya shigo ya ba da labari. Ni ne sarki, abokin karatuna Matiyu shi ne ɗan aiken da zai ce mini ɗana ya mutu a fagen daga, ni kuma in yi kukan minti huɗu. Madam ta yarda kowa ya yi da harshen da ya so, wai wasan kirki ko kurma a sahun ƙarshe yana gane shi.

Muna cikin gonaki, bakwai da arba'in, Matiyu ya kira. Ya faɗo daga keke, ƙafa ta karye, yana asibiti. Na yi masa sannu da baki, amma Allah ya sani a raina kaina nake yi wa jaje.

La Guillotière

Na sauka tashar Part-Dieu ta Lyon tara saura, na hau tiram, jirgin kan titi, zuwa unguwar La Guillotière. A nan ƙanen mahaifiyata, Kawu Ila, yake da shagon kayan miya: kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, har da kilishi in an dace. Shekararsa talatin a Lyon. Muka gaisa, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, alhali ya fi ni jin labarinsu. Sannan na gaya masa halin da nake ciki.

"To mi ɗan aiken ke yi?" ya tambaya.

"Kalma huɗu ce, Kawu. Ya shigo ya ce: Sarki, ɗanka ya mutu."

"Haka kawai?"

"Haka kawai."

"Ba sallama?"

"Girkawa ne, Kawu."

Ya ci gaba da ɗaure ledar wata mata. Da ta fita ya ce, "Bon, dakor, na yarda. Ba ni barin ɗan yayata Hajiya ya koma gida saboda kalma huɗu."

Da yamma muka hau metro A har ƙarshensa, muka ƙarasa gidansa na Vaulx-en-Velin a bas. Matarsa ta yi tuwon samo, wato na garin alkama, da miyar kuka, na ci har na ji kunya. Bayan magariba muka yi gwaji sau uku a falo. Duk sau ukun ya faɗi kalmominsa daidai, yana kallon bango kamar wanda ake cire wa haƙori. Na ɗauka tsoron taro ne. Na kwana a kan doguwar kujera, ƙafafuna a waje.

Alhamis: Kan dutsen Fourvière

Mun fito takwas. Kawu ya sha babbar riga shuɗiya da hula, ya ce ɗan aiken sarki ba ya zuwa fada da rigar sanyi. Daga tsohon gari muka hau ɗan jirgin nan da igiya ke ja zuwa kan dutse, minti kaɗan muka sauka.

Dandalin rabin da'ira ne na matakalan dutse, sun hau sama sahu-sahu, garin Lyon yana shimfiɗe a ƙasa. Kawu ya tsaya yana kallo. Shekara talatin yana garin bai taɓa hawowa ba.

"Duk wannan ginin don wasa aka yi shi?"

Na ce ƙwarai. Ya girgiza kai ya ce mutanen wancan zamanin ba su da aikin yi.

Madam ta haye can sahun sama da agogo a hannu. Ta ce daga ƙarshen tarihi za a faro a koma baya, don haka mu Girkawa ne na ƙarshe. 'Yan Italiya suka fara da fuskokin fata: tsoho marowaci, da soja mai cika baki wanda ke gudu in ya ji motsin ɓera, da bara mai wayo. Kawu ya yi dariya har da hawaye, ya raɗa mini cewa sojan nan ya san shi, a hawa na uku yake a gininsu. Sai masu wasan coci, waɗanda a zamaninsu a kan amalanke ake yawo da wasa kasuwa-kasuwa. Wani ya fito a shaiɗan da wutsiyar igiya, Kawu ya nemi tsari a bayyane. Romawa suka yi nasu, yawanci duka da faɗuwa. Sha ɗaya da minti goma aka kira sunana.

Na sa fuskar kwali na tsaya a tsakiya. Ɗalibai huɗu suka jeru a bayana a matsayin 'yan amshi, domin wasan Girkawa ba ya yiwuwa sai da su. Kawu ya taho daga gefe a hankali. Ya cire takalmi. Ya durƙusa.

"Salamu alaikum. Ranka ya daɗe, an kwana lahiya?"

Na ce da muryar sarauta, "Wane labari ka kawo daga fagen daga?"

"Labari sai alheri. Ina gajiya? Ya iyali? Ya muka ji da sanyi?"

Wasu 'yan Afirka biyu a ajin suka fara ƙyaƙyatawa. Ta ramin idon kwali na hango Madam ta duba agogo. Gumi ya jiƙa fulawar, hancin sarki ya fara laushi.

"Ina ɗana?" na ce, ina yi masa alama da hannu.

"Yaron ya yi ƙoƙari. Kowa ya shaida. Ranka ya daɗe, ka samu wuri ka zamna tukuna."

"Kawu," na ce ƙasa-ƙasa, "minti uku sun tafi."

Bai ko dube ni a matsayin ɗan 'yar'uwarsa ba. Ya kama hannuna ya zaunar da ni a kan dutse, ya tambaye ni ko na karya kumallo. Ya ce an ɗan ji wa yaron ciwo. Ya dakata. Ya ce jikin dai ya matsa, ana ta addu'a. Ya sake dakatawa.

Ban san lokacin da dariyar ta ɗauke ba. Waɗanda ba su jin Hausa ko kalma ɗaya sun gane abin da ke tafe, sarki kaɗai ake lallaɓawa. Ni da na rubuta wasan da hannuna, sai na ji ina fatan kada ya ƙarasa. Ya sassauta murya, kuma ginin nan ya ɗauke ta har sama.

"Sai haƙuri. Wanda ya ba ka shi ya karɓi abinsa."

Kukan minti huɗu da na yi wata guda ina haddacewa ya gudu daga kaina. Sarkin Girkawa ya buɗe baki ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." 'Yan amshi suka rasa abin amsawa, suka sunkuyar da kai.

Madam ta sauko matakala ɗaya-ɗaya. Ta ce mun ci minti tara, kuma babu Bagirken da ya taɓa cire takalmi ya tambayi sarki kumallo. Ta ce kukan sarki, wanda shi ne aikina, ba ta ji shi ba sam. Sannan ta ce amma shekara da shekaru tana zama a sahun ƙarshe tana kallon wasa, yau ne ta ji tsoron ɗan aike. Ta ba ni sha ɗaya cikin ashirin. Goma ake nema.

Komawa

A jirgin igiya muna gangarowa na ce, "Kawu, ka kusa kashe ni. Jiya ba haka muka yi ba."

"Jiya bango nike gaya ma. Yau mutum na gani zamne."

Ya juya ya kalli taga. Sannan ya ce ranar da Inna ta rasu, wato kakata, yana shago yana auna wa wani barkono. Wani ɗan'uwa ya kira daga gidan waya a Maradi, kuɗinsa kaɗan, ya ce, "Ila, Inna ta mutu, an rufe ta," layi ya yanke.

"A tsaye nike," ya ce. "Ba wanda ya ce in zamna. Na ƙarasa auna barkonon. Tun ran nan na ce bakina ba ya yi ma wani haka, ko da wasa."

Tausayinsa ya kama ni, da kunyar yadda na sa shi maimaita kalmomin nan sau uku a falonsa.

Ya raka ni Part-Dieu, ya cusa mini ƙullin kilishi a jaka. Jirgin ƙarfe huɗu ya sauke ni Paris shida da 'yan mintuna, bakwai ina ɗakina. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa Kawu Ila da iyalinsa, Matiyu kuma Allah ya ba shi sauƙi. Kafin in cire takalmi na kira mahaifiyata. Ta ɗauka da sauri tana tambayar ko lafiya, domin ba ranar kirana ba ce. Na ce lafiya lau, gaishe ta kawai zan yi. Ta fara jero gaisuwa, na zauna a bakin gado na amsa mata kowace ɗaya har ta gama.