Jado a Kan Tiren Shayi

Ina ɗan shekara tara Kaka ta zo mana Montreuil, a Faransa, daga Damagaram, a tsakiyar sanyi, don a yi mata aikin ido. Ita ta haifi babana. Gidanmu na hawa na huɗu ba shi da murhu, sai ƙarfen ɗumama ɗaki da ke jikin bango. Nan ta shimfiɗa tabarmarta ta jingina, ta ce wutar Nasara ko harshe ba ta da shi, amma za a lallaɓa. Bayan magariba, kafin Baba ya dawo daga aiki, takan kira ni da sunan da kaka ke tsokanar jikanta da shi.

"Maigida, kawo tire da kwalin sukari. Gari za mu gina."

Garin kullum ɗaya ne, Jado. Mahaifinta ɗan ayarin gishiri ne, ya taɓa wuce Bilma har ya gan shi, can arewa inda yashi ya haɗu da duwatsu. Tun a lokacin kufai ne, ba kowa sai masu zuwa tsinkar dabino. Idonta ɗaya a naɗe, da lalube take ɗora ƙwayoyin sukarin tana bayani. An gina shi ne a kan tsauni da laka mai gishiri, ɗaki a kan ɗaki, rufi da itacen dabino. Lungunan ƙunci gare su, in mutum biyu suka haɗu sai ɗaya ya karkace. Taga ba ta fi tafin hannu ba. A can sama akwai hasumiya inda mai gadi ke hango ƙurar mahara. Kuma bangon kowa shi ne bangon maƙwabcinsa, don haka take manna sukarin jiki da jiki. Mama tana ta mita daga wajen girki cewa mun ƙarar da sukarin shayin safe.

Labarin kansa gajere ne. Mutanen garin matafiya ne, amma al'adarsu ce duk shekara bayan an tsinke dabino kowa ya dawo ya yaɓe bangon ubansa da hannunsa. Ba a aiko wakili. Wata shekara wani bafatake ya samu kasuwa a nesa, ya aiko cewa bangonsu da ƙwarinsa, sai baɗi. Maƙwabcinsa ya ga ba abin da ya faru, shi ma ya yi zamansa. A shekara ta uku an yi ɗan yayyafi, abin da ba kasafai ake gani a can ba, gishirin bangon bafataken ya narke ta ƙasa. Nan Kaka takan zare ƙwaya ɗaya daga gindi, ginin duka ya zube a tire.

"Ka gani? Mahara ba su taɓa shiga ba. Mai ɗaki ne bai zo ba."

Ni dai dariya nake yi, in wawushe garin in cika baki.

Da ido ya warke ta koma gida. Ni kuwa na girma, na tafi Lyon karatun gine-gine, na zaɓi ginin ƙasa, har na ɗauki Jado a matsayin binciken kammala karatuna. Na tara hotuna da zane-zane. Na gano masana ba su ma daidaita kan wanda ya gina shi ba, kuma wasu na cewa sauro da zazzaɓi ne suka kori mutanensa. Na ji kaina ya fi na Kaka cika.

A shekarar ƙarshe ta sa aka kira ni a waya. Tana zaune ne a soron ƙasa da kakana ya gina a Birni, tsohuwar unguwar Damagaram. Maginin da ke yaɓe mata shi duk shekara ya rasu, rufin ya fara tsagewa. Baffana, ƙanen Baba, yana so ya rushe ya zuba siminti, ita kuma ta hana shi da cewa tana da maigida a Faransa da ya karanci laka.

"Ka zo kafin ruwa ya sauka," ta ce. "Ba aike nike so ba, hannunka nike so."

Na ce in Allah ya yarda, da na gabatar da binciken. Na gabatar, malamai suka yaba. Sai wani ofishin zane ya ɗauke ni gwaji na wata uku, irin damar da ba a samu sau biyu. Na ce a gaya mata sai bayan damina.

Ina cikin metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, Baffa ya kira. Soron ya faɗi da hantsi bayan ruwan kwana biyu, Allah ya sa tana gidan maƙwabta. Ya mayar da ita gidansa. Na jira in ji wani abu a ƙirjina, ban ji komai ba, na sauka a tashata na tafi aiki. Da muka yi magana daga baya ta gaishe ni da sunana na yanka, Sanusi, ta tambayi karatu, ta miƙa wa Baffa wayar. Ba ta kai wata damina ba. Ranar da aka faɗa mini rasuwar ma haka na zauna kamar an yi mini allurar kashe zafi.

Shekaru na ɗauka labarin nan na Jado kan ragwanci yake. Yanzu na san bafataken ba rago ba ne. Yana da uzuri mai kyau, wanda duk mai hankali zai karɓa, kuma na tabbata yana son ubansa.

Bayan sadakar arba'in Baffa ya turo mini hoto. An kwashe ƙasar soron, fili ya yi fes, an jera bulon siminti a gefe. A ƙasa ya rubuta cewa tunda ni ne masanin gini a gidan, in zana musu shaguna uku. Na daɗe ina kallon hoton. Na rubuta masa "To, Baffa," na buɗe kwamfuta na fara auna filin.