Iskar da Na Rage a Hanyar Huangpu

Edita, a shekarun da wannan abu ya faru ni matashi ne mai ji da kansa. Ina da ɗan ofis a benen Tianxiu da ke Guangzhou, aikina in raka 'yan kasuwarmu na Kano da Maraɗi sayayya, in haɗa musu kaya in tura gida. Kafin in je China na yi tuƙin bas tsakanin Kano da Kaduna, kuma ina cikin 'yan kaɗan ɗinmu da suka sami lasin tuƙi na can. Saboda haka duk maganar da ta shafi mota ni ake tambaya, ni kuwa ban taɓa cewa ban sani ba.

A shekarar da aka yi wasannin Olympics a China an tsananta maganar biza, kowa sauri yake ya gama ya fita kafin takardarsa ta ƙare. Cikin masu wannan sauri akwai wani dattijo Alhaji daga Maraɗi, tsohon abokin hulɗata, wanda ba ya kirana da komai sai ɗana. Ya ga wata mota mai ɗaki a ciki, da gado da ɗan wurin girki da banɗaki, ta hannu, an daɗe da ajiye ta a wani fili a bayan gari. Ya ce ita yake so, domin yawon kasuwannin ƙauye ya fara gajiyar da shi, yana son inda zai miƙe ya huta. Muka saya. Mai motar ya tambaya ko za mu fara kai ta gareji a duba, na ce masa ba lokaci.

A wurinmu ba a tura mota fanko. Duk motar da za ta hau jirgin ruwa sai an ɗura mata kaya har bakin ƙofa, wanda bai yi haka ba kuwa dariya za a yi masa. Muka tsaya a kasuwar Sanyuanli muka zuba dilolin tufafi, muka ƙara janareta, sannan kwalayen tayil da Alhaji ya saya don masallacin unguwarsu. Ba mu ɗaure komai ba, tunda a ganina tafiyar ba nisa. Rana ta take, zafin garin nan mai gumi kamar an rufe mutum a tukunya. Sai na tuna abin da aka koya mini a tasha, cewa in kwalta ta yi zafi a rage wa taya iska don kada ta kumbura ta fashe. Na bi tayoyin ɗaya bayan ɗaya ina danna bakin iskar da tsinin mabuɗi, na shusshure su da ƙafa, na ce sun yi. Ba ma'auni a hannuna. Motar tana da taya bibbiyu a kowane gefe na baya, na cikin ko leƙa su ban yi ba. Akwai ɗan ƙarfe a jikin ƙofar direba da aka rubuta iskar da ta dace, na gan shi, amma da rubutun China ne, ban kuma ga dalilin tambayar kowa ba.

Alhaji ya ce shi a gado zai yi tafiyar, ya ɗanɗana abin da ya saya. Na yi dariya na bar shi. Muna kan babbar hanya zuwa tashar jirgin ruwa ta Huangpu na fara jin warin roba, motar kuma tana ɗan lilo, na ɗauka iskar tireloli ce. Sai na ji ƙara. Tayar ciki ta fashe ta yage ta waje, motar ta karkata, ni kuma na taka birki da dukkan ƙarfina, muka goge ƙarfen gefen hanya muka tsaya. Ko ƙwarzane ban yi ba. Da na waiwaya ban ga gado ba, kwalayen tayil kawai na gani, da hannun Alhaji.

An yi masa aiki a ƙugu da gwiwa. 'Yan sandan hanya suka auna tayoyin da suka rage, ɗayansu ya yi mini bayani ta bakin tafinta cewa taya mai ƙarancin iska, in aka ɗora mata nauyi, ita ce ke lanƙwasa ta yi zafi har ta fashe, kuma ta cikin da ma ta saki iska tun tana ajiye. Ya tambaya ko wani ya taɓa iskar, na ce ni ne. Ya rubuta, bai ko ɗago kai ba. Ranar da na faɗa wa Alhaji gaskiya a asibiti sai ya ce, "Ɗana, bar wannan magana. Tayil ɗin dai ka tura." Na tura waɗanda ba su fashe ba. Da ya zage ni, da na fi samun sauƙi.

Na rubuto ne saboda har yau ina ganin direbobinmu suna rage iska da rana suna ganin dabara ce. Ba dabara ba ce. A auna taya da ma'auni tun da safe kafin ta yi zafi, a bi abin da aka rubuta a jikin mota, in ba a iya karantawa a tambaya. A duba tayar ciki, domin ta waje tana ɓoye ta. Mota mai ɗaki ba tirela ba ce, kada a cika ta, kayan da ke ciki a ɗaure su, kuma kada a bar kowa a gado alhali ana tafiya. Ni na san tuƙi, amma rabin abin da na sani ji na yi a tasha ban taɓa bincikawa ba. Bara na je Maraɗi na yi sallah a masallacin nan. Tayil ɗin ya yi kyau ƙwarai. Alhaji yana sahun gaba a kan kujerar roba, ƙafarsa a miƙe, kuma tun daga ranar nan goshinsa bai sake taɓa ƙasa ba.