Tabon Gefen Allo

Ina tsugune gaban kasko ina juya awara ƙanin mijina ya yi sallama. Tun daga sallamar na san akwai magana. Shi ba ya sallama irin ta mutane. Tun daga zaure yake ɗaga murya, "Matata, me kika ɓoye mini yau?" ni kuma in ce, "Ka kawo sadakin tukuna, mayen awara." Ranar sai ya tsaya a bakin ƙofa, hularsa a hannu, ya yi cikakkiyar sallama har ƙarshenta. Ya ce mota ta buge okadan da yayansa yake kai a Ojoo, wajen tasha, ya je aika ɗinkin mutane arewa. Ya ce, "Sai haƙuri, Yaya." Bai taɓa ce mini Yaya ba.

Na tuna na sauke kaskon kafin in zauna. Ban tuna wanda ya kashe wutar ba.

Mijina tela ne, amma a shekarun baya-bayan nan ya fi zane. Shi yake zana aikin wuyan riga da na aljihu, ya tura wa masu keken surfani su ɗora a shadda. Da farko a takarda yake yi, daga baya ya sayi babbar wayar nan mai faɗi da ake kira tablet. A gidanmu allo muke ce mata, abin rubutunta kuma alƙalami. Alƙalamin ba shi da gida. Akwai mayen ƙarfe a gefen allon, da ka kawo shi kusa sai ya fizge shi ya manne, ka ji ƙas.

Ranar da ya fita an kawo wuta, sai ya bar allon a jone a kan akwati. Ya ce ba zai daɗe ba.

Tabon ya fara ne tun allon yana sabo. Wata rana ya shigo ransa a ɓace, ya miƙo mini ya ce in duba. Na duba ban ga komai ba. Ya cire alƙalamin ya karkata gefen wajen haske, sai ga wani siririn layi kamar gashi.

"Wannan ne ya hana ka cin abinci?"

"Ke ba ki san zafin sabon abu ba."

"Ni da aka kawo sabuwa, wa ya duba ko na karce?"

Ya yi dariya amma bai bar maganar ba. Ya goga man goge baki, ya goga man keke, ya sa tsumma mai laushi. Daga baya shi da kansa ya gano dalilin. A shagon teloli ana wasa almakashi, allurai suna karyewa, garin ƙarfe yana ko'ina ba a gani. Mayen ƙarfen nan shi yake tattaro shi. Duk mannewar alƙalami sai ya niƙa garin a jikin fenti. Na ce to ya riƙa sa alƙalamin a aljihu mana. Ya ce a aljihu zai karye, a nan aka yi masa wuri.

Gaskiyar ita ce hannunsa ba ya iya barin abin. In yana tunanin zane sai ya sa babban yatsa ya ture alƙalamin, ya sake shi ya koma, ƙas. Ya sake turewa, ƙas. Ina tankaɗe ina ji, ina yi wa yara kitso ina ji. Nakan ce, "Malam, don Allah, kamar ƙadangare a kan kwano." Sai ya daina, can an jima ya ci gaba bai sani ba. Layin nan ya faɗaɗa, fentin toka ya ci, farin ƙarfe ya fito tsawon yatsa, ya fi zurfi ta inda yake turawa. Ya daina gogewa. In abokan aikinsa sun tsokane shi yakan ce ai shaida ce, ko an sace zai gane kayansa.

Na shiga takaba a ɗakinmu. Gidajen unguwarmu ta Sabo a matse suke, tagarmu bangon maƙwabta take kallo. Ina jin kiran salla, ina jin masu keke mai ƙafa uku suna kiran fasinjan Mokola, ina jin yara suna faɗa da Yarbanci su shirya da Hausa, duk daga waje. Mata suna shigowa gaisuwa su fita. Wata tsohuwa Bayarbiya da take sayen awarata ta zauna ta riƙe hannuna tana ta cewa pele, wato sannu, har ta gaji ta tafi. Tufafinsa an kwashe an yi sadaka da su tun makon farko. Keken ɗinki da sauran kayan shago aka kulle, aka ce kayan gado ne, ba mai taɓawa sai babban yayansu ya zo daga arewa an raba.

Allon ne aka manta a kan akwati. Ba na iya buɗe shi. Da yatsansa yake buɗewa, lambobin kuma ban taɓa tambaya ba, shi ma bai taɓa faɗa ba, don ba mu ga dalili ba. Abin da ke ciki ya tafi tare da shi. Na waje kawai ya rage mini. Bayan azahar, in gida ya yi shiru, sai in ɗauko in cire alƙalamin in bi tabon da yatsa. Akwai ɗan kwari daidai inda nasa yatsan yake sauka. Nawa ya fi ƙanƙanta, yana shiga har da saura. Sau ɗaya na ture alƙalamin na sake shi. Ƙarar ta sa babbar 'yata ta leƙo da sauri daga tsakar gida, ta dube ni, ta koma. Ban ƙara ba.

Da Salla ta matso, masu riguna suka fara zuwa shago. Akwai zanen da ya gama bai tura ba, akwai waɗanda suka zaɓi nasu suna jira. Ƙanin mijina ya zo ya tsaya bayan labule, don yanzu nan ne iyakarsa.

"Yaya, allon nan nake so in kai wa wani mai gyara a Mokola. Amanar mutane tana ciki."

Me zan ce? Ba nawa ba ne ni kaɗai, akwai rabon yara, akwai na mahaifiyar mijina. Kuma gaskiya ya faɗa, amana ce. Na so in ce kada a taɓa gefen. Na shirya maganar a bakina. Amma yaya mace mai takaba za ta ce wa ƙanin mijinta tana shafa inda yatsan yayansa ya ci? Ko mahaifiyata ba zan iya gaya wa ba. Da zan iya fita da na bi shi na tsaya a kan mai gyaran, ko ban yi magana ba zan sa hannu in tare. Na naɗe allon a ɗankwali na miƙa ta ƙasan labule. Alƙalamin na riƙe, na ce kada ya faɗi a hanya.

Bayan la'asar ya dawo. Muryarsa ta ɗan saki, har na ji alamar mutumin da na sani.

"Bai buɗu ba. Ya ce sai dai a goge komai, na ce a'a, a bar shi haka. Amma kin ga mutumin kirki ne, ya ce ba za mu yi zuwan banza ba. Duba ki gani, kamar yau aka ɓare shi a kwali."

Na warware ɗankwalin. An liƙe bayan allon da gefunansa duka da wata baƙar leda mai kauri, mai gam, sumul, ba ko kumfa. An yanke ta daidai wajen maɓallai. Aiki ne mai kyau.

"Ya ce kyauta ce ya yi mana, ko sisi bai karɓa ba. Wannan tabon da ma yana damun marigayi, kin tuna? Har man goge baki ya sa. Kuma kayan marayu ne, bai kamata a fito da shi gaban mutane a ƙoƙe ba."

Na ce, "Ya kankare wurin kafin ya liƙa?"

Ya ce ya ga mutumin da wata 'yar takarda mai kaushi a kan tebur, amma shi ya fita salla ya bar shi yana aiki, bai sani ba. Ya ce, "Akwai matsala ne?"

Na ce babu. Na ce Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci. Ya amsa da amin, na ji takunsa har zaure.

Na kawo alƙalamin gefen. Ya ɗan kama, ba ƙara, da na ɗaga allon ya zame ya faɗi a tabarma. Ledar ta yi kauri. Na bi wurin da yatsa a hankali. Wani lokaci sai in ji kamar akwai kwarin a ƙasa, wani lokaci sumul nake ji daga sama har ƙasa. Na gwada da safe, na gwada da rana a bakin taga, amsar ba ta tsaya ba.

Na fita takaba. Na koma suyar awara, nakan je kasuwar Bodija sayen waken suya da kaina. Na wuce ta Mokola ba sau ɗaya ba, ban san shagon ba, ban kuma tambaya ba. Babban yaya ya ce zai zo bayan Salla, ya ce bayan damina, yanzu ya ce sai ya sayar da shanun da ke hannunsa. In ya zo za a yi wa allon kuɗi tare da keke, wataƙila ya faɗa rabon wani.

Akwai wata kusurwa da ledar ta ɗan ɗaga, farce zai iya shiga. In na ɓare, ƙanin mijina zai gani, kuma sai na faɗi dalili. In na ɓare na tarar an kankare, shi ke nan na sani. Allon yana cikin akwati, alƙalamin yana gefensa a kwance. Har yau ba a raba gadon ba, ni kuma ban ɓare ledar ba.